Tsibirin Masu Tara Kira

Ranar da muka cika kwana huɗu ba mu ga tudu ba, wata mata ta zo ta yi mana sallama a cikin ƙwarya. Ƙwarya dai irin ta dama fura, amma ga mace babba zaune a ciki har da miƙe ƙafa, tana tuƙi da ludayi, teku kuwa ya kwanta mata lumui. Na murza ido na sake dubawa. Tana nan, zanenta fari sol, ko ɗigon ruwa babu a jikinsa.

Sunana Tumba, 'yar masunta ce ni daga ƙasar Yawuri. A lokacin shekararmu tara da bin Kwara har inda ta zube cikin teku, muka mai da jirgi gida. Jirgin katako ne mai inji, da rumfar tamfol a tsakiya, muna kiransa Zabuwa saboda ɗige-ɗigen fentin da ke jikinsa. Muna bin gaɓa da tsibirai, mu sauke albasa da wake, mu ɗauko gishiri da bandar kifi. A ciki muke kwana, a ciki muke salla, a ciki nake shanya wanki. Mu uku ne. Ni ce mai murhu. Sai Nomau, ƙanen marigayi maigidana, mai kula da inji, wanda ƙarar injin ta riga ta cinye masa kunne ɗaya. Sai matuƙi, ɗana na fari.

Kun dai san halinmu da ɗan fari. Shekararsa arba'in da ɗaya ban taɓa kama sunansa da bakina ba. In zan kira shi cin abinci iska nake gaya wa, shi kuma ya ji ya taso. Wannan labarin ma jikata ce ke rubutawa. Duk inda kuka ga sunan, ni shiru na yi, ita ta cike.

Guguwa ce ta kore mu daga gaɓa, ta kuma fasa mana duron ruwan sha. Abin da ya rage bai kai rabin jarka ba. To amma baƙuwa ta yi sallama, ba za ta tafi da ƙishi ba. Na cika moɗa na miƙa mata.

Ta sha, ta goge baki, ta ce, "Ya ke ma'abuciyar murhu, kin shayar da ni, na gode. Wancan ƙaƙƙarfan da ke riƙe da sandar tuƙi, naki ne?"

Na kau da kai kamar yadda na saba. "Haba baiwar Allah, ina ni ina shi? Ɗan mutane ne."

"Ba ke kika haife shi ba?"

"Na ce miki ɗan mutane ne."

"Karo na uku nake tambaya. Yana da mai shi a cikin jirgin nan?"

Da ina da wayo da a nan na tsaya na yi tunani. Mace a cikin ƙwarya a tsakiyar teku ai ba maƙwabciya ba ce da za ta gane kunya ce, ta yi dariya ta wuce. Amma bakina ya riga ya saba da hanyarsa. Na ce, "Babu."

Ta yi murmushi. "Madalla. Ruwa ya shaida. Ku bi hancin jirginku, kafin azahar za ku sami rijiya." Ta juya ludayinta sau ɗaya, na neme ta na rasa. Su maza ba wanda ya gan ta, ɗaya yana duban gaba, ɗaya kansa na cikin inji.

Rana ba ta kai tsaka ba sai teku ya dare a gabanmu, tsibiri ya ɗago daga ƙasa, ruwa na zuba ta gefensa. Yashinsa fari, itatuwansa a jiƙe, kifaye na ta tsalle a kan rassa suna neman hanyar komawa. Nomau ya rage wutar inji, ya ƙura wa tsibirin ido.

"Innalillahi. Wanga shi ne tsibirin masu kira," in ji shi. "Tsofaffin masunta sun ba ni labarinai. In ruwa ya janye ya fito, in ruwa ya ciko da la'asar ya nutse. Akwai rijiyar ruwan daɗi cikinai, gaskiya ne. Amma mutanen wurin kiran suna suka iya. Duk wanda ya amsa ko ya waiwaya, ya zama nasu."

Matuƙi ya girgiza jarkar da ta rage, ƙarar da ta yi ba ta kai a kira ta ƙara ba. "Baba Nomau, in ba mu ɗebo ba, gobe war haka babu mai iya ɗaga hannu a cikinmu."

Ya kwance ƙaramin kwalekwalen da muke ja a baya, ya jefa jarka biyu a ciki. Nomau ya riƙe masa hannu. "Haliru, ko da muryar ubanka ka ji, kada ka amsa. Ko da tawa ce."

Ya ce to. Ya ɗan dubi wajen murhu. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina hura gawayi, na ce wa tukunya, "Mai tafiya dai ya yi sauri, tuwo ba ya jiran kowa." Na ji kamar ya yi 'yar dariya, ya tura kwalekwale.

Na tuƙa tuwo da ragowar ruwan. Muka yi azahar. Shiru. Nomau ya kafa gorar tura jirgi a cikin yashi, ya ɗaura mata tsumma daidai inda ruwa yake. Kafin in kwashe tuwo ruwa ya haye tsumman da taƙi guda. A nan na matsa kusa da kunnensa mai ji na gaya masa zancen matar ƙwarya.

"Mi kinka ce mata?"

"Na ce ɗan mutane ne."

"Tumba! Da aljana kinka yi kunya? Kin ba su shi kyauta ke nan!"

Ya yunƙura zai sauka, na tare shi. Ga duwatsu ta ko'ina, in ya saki inji ruwa zai maka Zabuwa a kansu, mu rasa na komawa. Na ɗaure zanena tamau na dira. Wani siririn tudun yashi ne ya miƙe daga jirgi zuwa tsibirin, ruwa a kansa iya idon sawu. Sai da na yi nisa na lura muciya na hannuna, har da tuwo a jikinta. Ban koma ajiye ta ba.

A bakin tsibirin na tarar da kwalekwalenmu a ɗaure, kusa da shi wata ƙaguwa ta tare hanya. Girmanta ya kai na bijimin sa, idanunta a kan tsinke biyu suna juyawa.

"Tsaya, ya ke 'yar tudu," in ji ta. "Ba a shiga sai an faɗi abin da ake nema."

"Wani mutum nake nema, ya shigo da jarka biyu."

"Mene ne shi a gare ki?"

Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Matuƙin jirginmu ne." Take ruwan da ke idon sawuna ya hau zuwa ƙwauri.

Ƙaguwa ta ja gefe. "Wuce. Amma ki sani, duk sanda kika ɓoye shi, ruwa zai ƙaru."

Na kutsa cikin itatuwa, ciyawar teku na naɗe mini ƙafa, na ɓulla a wani fili wanda idona bai ga ƙarshensa ba. Tuluna ne jere, dubbai, kowanne an toshe bakinsa da laka, kowanne yana gunaguni. Na kasa kunne. Sunaye ne. Muryar mace tana kiran mijinta, muryar tsoho yana kiran jikansa, wasu da Hausa, wasu da yarukan da ban taɓa ji ba. A tsakanin tulunan zalɓe ne tsaitsaye, fiye da ɗari, ba sa motsi. Da na matsa kusa da ɗaya na ga idanunsa na mutum ne, hawaye na bin dogon bakinsa. Ban buƙaci a gaya mini su wane ne ba.

Ina cikin sauri ƙafata ta bugi wani tulu, lakar bakinsa ta faɗi. Sai na ji, "Tumba! Miƙo mini komar kamun kifi!" Muryar Arzika ce, maigidana, wanda muka binne shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Haka ya kira ni wata safiya a Kwara, ina da cikin fari. Na'am ta zo mini har kan harshe. Na cusa bakin muciya a tsakanin haƙorana na cije, na ruga ina kuka, tuwo na narkewa a bakina.

Filin ya ƙare a bakin wani rami mai faɗi, cike da baƙin ruwa, wasu dogayen abubuwa na kai da kawowa a ciki. A ƙetarensa ga rijiya. A gindin rijiyar ga shi zaune, ya ba ni baya, jarkokinsa biyu a cike, kansa a sunkuye. Wasu mutane sirara masu fatar kifi sun kewaye shi da tuluna, suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. "Haliru!" da muryar ubansa. "Haliru!" da muryar Nomau. "Haliru!" da muryar wani abokinsa da ya nutse tun suna samari. Duk da haka bai ɗago ba. Na gane abin da ya same shi. Hanyar dawowa tana bayansa, in ya juya za a ce ya waiwaya. Ya zaɓi ya zauna har ruwa ya cinye shi maimakon ya zama zalɓe.

"Barka da zuwa, ma'abuciyar murhu."

Matar ƙwarya ce, zaune a kan karaga ta farin gishiri a wannan gefen ramin. A gabanta akwai wani tulu fari, ya fi sauran kyau, bakinsa a buɗe, babu komai a ciki.

"Ni ce Magajiyar Kira," in ji ta. "Duk sunan da aka kira a kan ruwa, tun ranar da aka fara sassaƙa jirgi, yana cikin tulunana. Me ya kawo ki, alhali kin ce ba naki ba ne?"

Ruwa ya kai mini gwiwa. Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙarya na yi. Nawa ne. Ni na haife shi, ranar Laraba, a cikin kwalekwale."

"Ruwa ya riga ya shaida maganarki ta farko, ba ya mantuwa. Amma kin shayar da ni, ba zan kore ki hannu wofi ba. Na ba ki kira uku. In ya waiwayo ga kiranki, naki ne, ku tafi da ruwan rijiyata. In bai waiwayo ba, ki koma ke kaɗai. Ba za ki ƙetare ramin nan ba, ba za ki jefe shi da komai ba."

"Mi za ki samu ke?"

Ta shafa farin tulun. "Shekara arba'in da ɗaya ina jiran kira guda. Na bi jirginku a kogi, na bi shi a teku, ban taɓa jin sa ba. Kiran da aka daɗe ana ɓoyo ya fi duk abin da ke filin nan daraja. Duk abin da ya fito daga bakinki yanzu, in da suna a ciki, nawa ne."

Ta ɗaga hannu, aka toshe tuluna, wurin ya yi tsit. Sai ƙarar ruwa da ke hawa.

Ban san yadda zan kwatanta muku nauyin sunan nan ba. Na san shi tun ranar da liman ya raɗa, na faɗe shi a zuci sau dubu, amma harshena bai san hanyarsa ba. Na rufe ido, na tattara duk ƙarfina.

"Haliru!"

Farin tulun ya amsa da wani sauti, Magajiya ta yi wuf ta toshe bakinsa da laka. Shi kuwa na ga bayansa ya sandare. Sannan ya yi magana, ba tare da ya juya ba, kamar mai yi wa kansa faɗa.

"A'uzubillahi. Wanga karon kun yi kuskure. Innata ba ta faɗin sunan ga. Ko wuƙa anka sa mata."

Mutanen nan masu fatar kifi suka fashe da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar an tsaga ƙirjina. Na zubar da abin da na tsare shekara arba'in da ɗaya, ya tafi a banza, kuma ni na koya masa kada ya yarda.

"Saura biyu," in ji Magajiya. Ruwa ya kai mini ƙugu. Shi da yake zaune, ya kai masa ƙirji.

Hankalina ya tashi, na saki duk abin da ke cikina. "Ɗana! Ni ce, wallahi ni ce! Kai ne farin cikina, kai ne hasken idona, ba ni da kowa sai kai. Dubo ni, don Allah dubo ni!"

Duk gaskiya na faɗa, ko kalma ɗaya babu ƙari. Amma ko gezau bai yi ba. Ya ƙara sunkuyar da kai, na ji ya ɗaga murya yana karanta Ayatul Kursiyyu. Ina laifinsa? Tun da aka haife shi bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba.

"Saura ɗaya," in ji Magajiya. "Ki yi tunani, 'yar tudu. Ko ki haƙura ki tsira da ranki, hanyar jirginki ta kusa rufewa."

Ruwa ya kai masa wuya. Jarkokin sun fara iyo, ya riƙe su gam da hannu biyu, ko a wannan hali bai yarda ya saki ruwan da ya ɗebo mana ba. Da na ga haka, maimakon kuka sai haushi ya turnuƙe ni. Haushinsa, haushin kaina, haushin wannan mata da tulunanta. Taurin kan nan nasa ai na san inda ya gado shi. Na dubi muciyar da ke hannuna. Na juya masa baya, kamar yadda nake yi kullum a jirgi, na fuskanci iska. Na ƙwanƙwasa muciya a jikin karagar Magajiya sau biyu, kamar yadda nake ƙwanƙwasa gefen tukunya.

"Wai ni, babu mai gaya wa mutumen ga tuwonai ya huce? Ya zamna nan ya yi ta zama! In na ƙirga uku in zuba wa kifaye, su sun san darajar abinci!"

Ban ga fuskarsa ba, don bayana na ba shi. Ƙarar ruwa kawai na ji, ta mutum ya miƙe zumbur.

"Ga ni nan, Inna! Kada ki zubar!"

Magajiya ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi duhu. "Babu suna a ciki, babu abin da tulu zai kama," in ji ta. "Naki ne. Ku tafi, in kun iya."

Baƙin ruwan ramin ya dare, ya tsallako da jarkokinsa. Ba mu tsaya gaisuwa ba. Muka bi ta cikin fili, tuluna na iyo suna karo da mu, zalɓen nan sun tashi sama suna kewaya kanmu suna kuka. Inda ruwa ya fi ƙarfina ya jefa mini jarka ɗaya na rungume, ya ja ni da ɗaya hannun. Ƙaguwa ta riga ta nutse, idanunta kawai ke waje suna kallonmu. Kwalekwale na can yana fizgar igiyarsa, igiyar ta shige ƙarƙashin ruwa, sai da ya nutsa ya kwance ta da haƙori. Ya cilla ni ciki, ya hau, muka yi ta tuƙi, shi da filafili, ni da muciya.

Nomau na hango mu ya saki ihu, ya karkato Zabuwa ta tsakanin duwatsu har gefenta ya gogi ɗaya. Ya jawo mu ciki, ya ba inji wuta. Da na waiwaya, kan itatuwa ne kawai ya rage. Kafin mu idar da la'asar babu komai a wurin sai ruwa.

Matuƙi ya ci tuwon nan da sanyinsa, har ya suɗe kwano. Nomau na ta zuba surutu, ni ina wanke tukunya. Can sai na ji ya matso ya tsaya a bayana.

"Inna," in ji shi a hankali. "Kafin ki yi zancen tuwo, an yi kira biyu da muryarki. Na fari da na biyu. Ke ce?"

Na ci gaba da dirzar tukunya. Na ce wa tukunyar, "Mutum ya kwashe yini cikin aljannu, ya dawo shina tambayar mutane shirme."

Ya koma ga sandar tuƙinsa.

Mun ƙara shekara shida a kan ruwa bayan wannan. Magajiya ba ta ajiye farin tulunta ya yi ƙura ba. Lokaci-lokaci, in teku ya kwanta da rana, sai iska ta kawo kiran daga nesa, da muryata sak, sau ɗaya tak. Ya san dokar, bai taɓa amsawa ba, bai taɓa waiwayawa ba. Amma duk ranar da kiran ya zo, sai ya miƙa hannu ya rage wutar inji har ƙararsa ta kusa ɗaukewa, ya tsaya shiru, ya bar Zabuwa tana tafiya da kanta, har sautin ya gama ɓacewa. Sannan ya goge fuska da hannun riga, ya ce gishirin teku ne ya shigar masa ido.

Ina son yaron nan fiye da raina, kuma ya sani. Ni dai nakan juya masa baya, in yi ta fifita gawayin da ya riga ya kama.